Kar unguwanninmu su zama inuwar giginya

Iyayenmu da sunka zo, malamai, yayyena da ƙannena maza da mata, ina gaishe ku. An gode da kunka bar sana'o'inku cikin wanga zafi kunka taru.

Maganar da anka ba ni yau maganar gida ce, gidan kwana. Duk mai waya a cikinku ya taɓa cin karo da irin tallar nan: rukunin gidaje cikin katanga guda, ƙofa guda, mai gadi a bakinta. Bisa rufi allunan hasken rana, a tsakar gida ciyawa shar, itatuwa a jere, ga foraj nasu na kansu. Kowa da nashi sashe, amma fili da ruwa da wuta na tarayya ne, ana biyan kuɗin kulawa duk wata. A Yamai site ake ce musu, a Abuja da Kano estet. Yanzu kuma an ƙara musu kirari: wai gidaje masu kare muhalli.

Wani zai ce, to mi ya haɗa Konni da wannan, mu da ke fama da kwata da ƙura? Ƙasa ce ta haɗa mu. Shi ginin a ƙarshe yake zuwa. Abin da ke fara zuwa shi ne yankan gonaki, da tashin kuɗin fili, da dillalai masu yawo da taswira a aljihu. Wannan kuwa duk wanda ya fita bakin gari, ta hanyar Yamai ko ta Tsarnawa ko ta Illela, ya ga duwatsun shaida a wurin da da gero ke tsaye. Shi ya sa nake so mu yi maganar tun yanzu, tun ran gini ran zane.

Bari in faɗi matsayina tun farko don kar a juya mini magana. Ina son itace, ina son hasken rana, ina son gini mai kyau a Konni. Tambayata guda ce: in unguwa ta gyaru, wa zai rage a cikinta? Mun san inuwar giginya, na nesa ka sha. Abin da nake tsoro ke nan: a gyara wuri da sunanmu, ranar da inuwa ta sauka kuma a iske ba mu nan.

Wanga abu ba sabo ba ne a duniya. A 1964 wata masaniyar zamantakewa a Ingila, Ruth Glass, ta lura da abin da ke faruwa a wasu unguwannin leburori na Landan. Masu hali na sayen tsofaffin gidaje ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, kuɗin haya na hawa, har a wayi gari mutanen asali sun watse ba wanda ya ɗaga musu sanda. Ita ta raɗa ma abin sunan da ake kiranshi da shi a Turance. Ni da Hausa korar tsada nake ce mishi. Daga baya an gano cewa itace da lambu ma na iya yin wanga aiki. A birnin Niyok na Amurka, a 2009, an buɗe wani lambun shaƙatawa bisa tsohuwar gadar jirgin ƙasa, ana ce mishi High Line. Wuri ya yi kyau, baƙi na zuwa daga ko'ina, sai gidajen da ke kewaye sunka yi tsadar da ƙananan masu shaguna da ƴan haya da yawa ba su iya zama ba.

Ga yadda korar tsada ke tafiya, kuma kowa ya auna da unguwarshi. Da fari fili ke tashi. In anka sayar da fili guda da kuɗi masu yawa, duk maƙwabta sai su fara lissafi da wannan farashi. Sannan haya ta bi baya, don mai gida ya ga abin da ƙasarshi ta koma, ɗakin da yake ba ka jika biyar ya ga asara yake. Daga nan sai sana'a. Mai tuwo-tuwo, mai waina, mai faci, mai kiwon awaki biyu a ƙofar gida, duk sai a fara ce musu suna ɓata wuri. Ba wanda zai zo da takardar kora. Kai da kanka za ka ɗaure kayanka ka koma bayan gari, inda babu pampo, babu lakwal, kuma kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa ya ninka.

Akwai kuma kora ta sanda, ita ma da sunan gyara take zuwa. A Legas, cikin watan Yuli na 1990, gwamnatin soja ta rushe unguwar Maroko. Mutum wajen dubu 300 sunka rasa matsuguni, an ce wurin na ambaliya ne, bai dace da zaman mutane ba. Yau wurin yana cikin ƙasa mafi tsada a Najeriya. A nan gida, a 2016 an rushe ɗimbin shaguna da rumfunan bakin titi a Yamai don ƙawata birni, gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019. Ku tambayi ƴan uwanmu da ke ci-rani can, da yawa sun san wanda jarinshi ya tafi a wannan rusau. Sai kuma dajin dogon yaro da anka fara dasawa kewayen Yamai tun 1965 don ya tare ƙura da iska. Inuwa ce ta kowa da kowa. Yau an yanka babban sashenshi filaye, an yi gine-gine. Talakan da ya kafa bukka a ciki an tashe shi da sunan kare itace, itacen kuma bai tsira ba.

To mi ya sa nake ganin Konni na cikin garuruwan da ya kamata su buɗe ido? Dalili na farko shi ne wurin da Allah ya ajiye mu. Muna bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta wuce Maraɗi da Damagaram. Hanyar Tawa ta rabu nan kusa a Tsarnawa. Illela ta Najeriya na bakin ƙofarmu, Sakkwato ba nisa. Albasar Galmi, da dabbobi, da kayan masarufi, duk ta nan suke ratsawa. A ƙidayar 2012 mutanen cikin gari sun haura dubu 60, kuma kowa ya san yadda anka ƙaru tun daga lokacin.

Dalili na biyu, kuɗin kan iyaka kuɗi ne masu tsoro. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa, sai cikin Maris na 2024 anka buɗe. Ga naira ta sha sauka. Ɗan kasuwar da ya sha wanga wuya sau biyu, in ya samu riba ba zai bar ta cikin kaya ko cikin naira ba, ƙasa zai saya, don ƙasa ba ta ruɓa, ba a tsare ta a duwan. Ban ga laifinshi ba. Amma sakamakon shi ne fili ya koma asusu. Ana sayenshi don a ajiye, a kewaye da bulo a bar shi shekaru, alhali saurayi mai son aure na neman ɗaki guda bai samu ba.

Dalili na uku, wurin faɗaɗa garin ba shi da yawa. Kudu iyaka ce. Gefe kuma ga filin noman rani, sama da hekta dubu 2 da 400, wanda ke shan ruwan Majiya daga madatsun Mozage da Zango ta tafkin Cerasa. An gina shi tun ƙarshen shekarun 1970, an sake gyara shi cikin yarjejeniyar da Nijar ta sa ma hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Wanga fili shi ne koren Konni na gaskiya, shi ke ciyar da dubban gidaje. Kuma ku lura, duk mai son gina rukunin gidaje masu lambu, inda ruwa ke kusa da inda ido ke ganin kore zai nema. Ke nan gonakin da ke maƙwabtaka da fadama su ne za a fara yi ma tayi. Ga siminti nan Malbaza, inda masana'anta take tun shekarun 1960. Kayan gini na kusa, kuɗi na neman maɓoya, ƙasa ta yi kaɗan. Abin da ya rage a haɗa su kawai.

Su wa abin zai fara taɓawa? Ƴan haya, waɗanda galibi ba su da ko takardar yarjejeniya. Matan da ke sana'a cikin gida, waɗanda cinikinsu ya dogara ga maƙwabtan da sunka saba da su shekara da shekaru. Manomin bakin gari da za a ba kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi aure, ya sayi babur, bayan damina biyu ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani. Sai magada a tsofaffin unguwanni irin su Fada da Malamawa, inda gida guda ke da masu haƙƙi goma sha. Mutum ɗaya cikinsu ya matsu, sai a sayar da gidan duka, a raba kuɗin, kason kowa bai isa ya sayi ko rabin fili ba. Tsohuwar da anka kawo gidan tana amarya ita ce za a rasa inda za a kai.

Yanzu mu zo ga kalmar kare muhalli, don a nan ne ake yi muna wayo. In anka zuba siminti da kwano, gida ya koma tanda, sannan a sa na'urar sanyaya ɗaki a ce ai da hasken rana take aiki, an rage wani abu, amma ba a yi maganin zafin ba. In anka haƙa foraj don a shayar da ciyawar ado a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, ruwan ƙarƙashin ƙasa na kowa ne ake ja. In anka cike gurbin da ruwan sama ke kwanciya, anka ɗaga ƙasa, anka ja katanga, ruwan bai ɓace ba, gidan ƙasa na maƙwabci zai nufa. Mun ga daminar 2024: sama da mutum 300 sunka rasu a ƙasar nan, sama da miliyan guda abin ya shafa, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. A Kano ma masana sun daɗe suna kuka da cike kududdufai ana gini a kansu. Gidan da ya tsare kanshi ya tura ruwa ga maƙwabci, ko an shafe shi da koren fenti, cuta ce.

Kuma ba mu ne za a koya ma kare muhalli daga talla ba. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 manoma sunka shiga dasa layukan dogon yaro don tare iska. A Maraɗi da Damagaram, da sassabin zamani, wato barin kututture shi tofo a gyara shi, masu bincike sun ƙiyasta an maido da itace wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5. Talakawa sunka yi wannan da adda da haƙuri. Ta fannin gini kuma, a Yama cikin ƙasar Illela tamu ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari na kawo ruwa da tubali. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, duniya ta zo kallo. A Dandaji, nan cikin jiharmu, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa matsattse, sunka maida tsohon ɗakin karatu, aikin ya ƙare a 2018. Su ne kuma, tare da wasu abokan aiki, sunka yi rukunin gidajen Niamey 2000 a Yamai a 2016: gidaje shida manne da juna, da tubalin ƙasa, an tsara su yadda iska za ta ratsa. Wannan ya nuna ana iya zama da yawa a ƙaramin fili cikin sutura da sanyi. Saura a yi irinshi da yawa, a farashin da malamin lakwal da mai ɗinki za su iya.

Na san abin da wasu ke cewa a zuci. Mai ƙasa na da ikon sayar da abinshi. Gaskiya ne. Gini na kawo aiki ga magina da masu walda da masu tifa. Shi ma gaskiya ne. Gari kuma dole shi girma, ba za mu ce Konni ta tsaya yadda kakanni sunka bar ta ba. Ban musa ko ɗaya ba. Amma aikin gini na shekara guda ne ko biyu, wanda ya rasa unguwarshi kuwa ya rasa ta har abada. Sannan darajar fili ba mai fili kaɗai ya yi ta ba. Hanyar da anka shimfiɗa da kuɗin jama'a, kasuwar da mata ke cikawa, masallacin da anka yi da gudummawa, su sunka sa ƙasar ta yi tsada. Tunda kowa ya sa hannu wurin ɗaga darajar, bai kamata ribar ta tafi gida guda, wahalar ta watsu bisa sauran ba.

To mi za mu yi? Ga abubuwan da nake ganin suna hannunmu.

Na ɗaya, takarda. Tun dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 akwai kwamitocin ƙasa, waɗanda muke ce ma kofo, a ƙauye da komin da departema. Suna ba da shaidar mallakar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro ko jingina. Ku da kunka yi karatu, ku zauna da iyayenku ku tambaya: gonar nan tana da takarda? Gidan nan sunan wa ke bisa takardarshi? Kar a bari sai dillali ya zo sannan a fara neman shaidu.

Na biyu, magada su san haƙƙinsu. A fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa akwai shuf'a: in gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonshi ga bare, sauran na da ikon su biya kuɗin su amshi kason. Malamai na nan, a tambaye su. Dangi su yi asusu, ko adashi ne, don in ɗaya ya matsu a saye kasonshi cikin gida. Kuma kar a yanke maganar gida a zaure ba a shiga ciki an ji ta bakin mata ba, su ma magada ne.

Na uku, in hukuma ce ke son wuri don amfanin jama'a, doka ta 61-37 ta 1961, wadda anka yi ma gyara a 2008, ta ce a yi bincike, a biya diyya ta adalci kafin a tada mutum. Kafin, ba bayan an rushe ba. Ku riƙe wannan.

Na huɗu, duk lotisma da za a yi, mu nemi a manna taswirarta a ma'aikatar magajin gari inda kowa zai gani, ko zaɓaɓɓe ke riƙe da ita ko kantoma. Mu duba filayen da anka ware ma lakwal da asibiti da kasuwa da wurin shan iska, mu ɗauki hotonsu mu ajiye. Irin waɗannan filaye su ne ke ɓacewa a hankali in ba mai tsaronsu.

Na biyar, duk wanda ya zo da aikin rukunin gidaje, a tarbe shi da mutunci, a yi mishi tambayoyi gaban jama'a. Su wa ke zaune ko noma a wurin yanzu, kuma ina za su? Ruwanku daga ina, ruwan samanku ina zai bi? Gida nawa ne a ciki mai ƙaramin albashi zai iya haya? Itatuwan cikin katanga kaɗai za su tsaya, ko titi ma zai samu? Hanyar da mutane da dabbobi ke bi za ta toshe? Magina da leburori daga ina za a ɗauko su? Mai niyyar alheri ba zai ji haushin waɗannan ba. In ya amsa, a rubuta, a sa hannu gaban mai unguwa.

Na ƙarshe naku ne, ƴan fada. Kuna zaune kullum a bakin titi, ba abin da ke wucewa ba ku gani ba. Kowace fada ta samu littafi guda. A rubuta kuɗin hayar ɗaki a layinku bana, a sake rubutawa baɗi. A rubuta gida nawa anka sayar, iyali nawa sunka tashi, ina sunka koma. Ba sai an sa sunan kowa ba. Cikin shekara biyu, in munka haɗa na Sabon Gari da na Munwadata da na Kaura da sauran unguwanni, za mu je gaban hukuma da hujja a hannu, ba da jita-jita ba. Sannan ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, kar mu tsaya ga hoto. Kowace fada ta ɗauki layi guda ta dasa, ta kewaye da ƙaya saboda awaki, ta raba kwanakin ban ruwa har rani shi wuce. A fara da layukan ƴan haya da bakin makarantu da wurin da mata ke jiran ruwa. In inuwa ta wadata ko'ina, ba wanda zai iya killace ta ya sayar muna da tsada.

Iyayenmu, ku yi muna afuwa in mun ɗaga murya gabanku. Ƙasar nan ku kunka riƙe ta har ta iso gare mu. Roƙonmu guda ne: kafin a sa hannu bisa kowace takardar sayarwa, a kira ɗiya maza da mata a zauna, a kwana bisa shawara. Dillali in ya ce sai yau, a ce mishi Allah ya kai mu gobe.

Ga masu karanta wannan a waya, ku kai maganar gida, ku karanta ma wanda bai iya karatu ba. Wanda ke da labarin unguwarshi ya kawo muna a zama na gaba, za mu ba shi lokaci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu tsufa a unguwannin da anka haife mu.